Ladin Gwaggo

Zariya da sata ta karɓe mu. Mun sauka a tashar mota da rana tsaka, ni da maigidana Filibus, a shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Ina da ciki wata biyar, ƙafafuna sun kumbura suntum saboda zaman bencin motar katako tun daga Numan. Ko gama miƙewa ban yi ba sai ga wani mutum fes da shi, fuska cike da fara'a, ya tare mu.

"Baƙin Malam ne ko? Sannunku da hanya. Ai ni aka turo."

Bai ce wane malam ba, mu kuma ba mu tambaya ba, don ba mu san mun zo garin da kowane namiji malam ne ba. Ya ɗauki kwandon bandar kifin da mahaifiyata ta kyafe mini, ya ɗora a ka, ya ce mu biyo shi. Muka bi shi har bakin wata rumfar masu lemo, daga nan ko ƙeyarsa ba mu ƙara gani ba. Akwatin littattafan Filibus kuwa, da yake nauyi gare shi, ɓarawon ko kallonsa bai yi ba. Na zauna a kan akwatin nan na yi kuka mai isata, Filibus yana ta cewa in yi haƙuri, kifi ne kawai. Na ce masa ai dole ya ce haka, tun da ba uwarsa ce ta tsaya cikin hayaƙi ba.

Abin da ya kawo mu shi ne, ikkilisiyarmu ta zaɓe mu aikin bishara a ƙasar Nijar, aka ce kafin mu haye sai mun zauna Zazzau mun koyi zama da Hausawa Musulmi. Makarantar 'yar ƙarama ce a bayan ganuwa, ɗakuna kaɗan da gindin mangwaro. Mai ita, Baba Malam Dauda, tsoho ne haifaffen cikin birni, wanda ya zama Kirista tun yana saurayi. Ba ya ɗaga murya, amma in ya yi magana sai ka ga manyan maza sun sunkuyar da kai.

"Ku 'yan bishara, bakinku ya fi kunnenku girma," haka ya ce mana ranar farko. "Mutumin da ba ku ci tuwonsa ba, ba ku je gaisuwar mutuwar uwarsa ba, da wane ido za ku ce masa ga hanya? Ku zauna tukuna. Ku ci abin da aka ba ku. In kuna gidan mutane, kada 'a'a' ta riƙa saurin fita daga bakinku."

Wannan ta ƙarshen na riƙe ta gam.

Tsarinsa shi ne maza su zauna a makaranta, mata kuma a rarraba su gidajen cikin birni na 'yan watanni, don a Nijar mu ne za mu shiga inda namiji ba ya shiga. Ni aka kai ni Ƙofar Jatau, wurin ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, Gwaggo Asabe. Ita tana nan kan Musuluncinta. Mijinta ya rasu, duk 'ya'yan da ta haifa sun koma tun suna ƙanana, tana zaune a sashenta cikin gidan ƙanen mijin, wani maɗinkin manyan riguna, tare da matarsa Jummai. Gwaggo 'yar tsohuwa ce siririya, baki ja da goro, kullum mazari a hannu tana kaɗi. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi wanta.

"Yaya, wannan ce za ta je ta shiryar da mutanen Nijar? Ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa ba."

Watannin farko na sha wuya, ba zan ɓoye ba. A garinmu in ka tsaya ƙofar ɗaki kana hango Binuwai, jirage suna wucewa, ana kiran juna daga wannan gaɓa zuwa waccan. A nan kuwa katanga bayan katanga, sama kaɗai ake gani. Ran Lahadi, a hanyar zuwa sujada a coci, aka nuna mini Kubanni aka ce kogi ne. Na ce wannan a wurinmu wurin wanke ƙafa ne. Muryata kuma ta mutanen bakin ruwa ce, ba ta san rufin asiri ba. Ranar da Filibus ya fara zuwa duba ni, ya tsaya a zaure ya yi sallama kamar mai zuwa zance, ni kuma daga tsakar gida na kwaɗa masa kira, "Filibus, ina zuwa!" Sai na ga Jummai ta saki taɓarya, matan maƙwabta da suka shigo daka sun riƙe baki. Ashe mace ba ta kama sunan mijinta. Har muka bar garin, in matan unguwar suna son dariya, sai ɗaya ta maƙale murya ta ce, "Filibus, ina zuwa!"

Tuwon dawa da miyar kuka safe da yamma ya ishe ni har wuya. Wata rana kewar gida ta taso mini ina tsince shinkafa, hawaye suna ɗiga cikin faifai. Gwaggo ta tambaye ni, na ba ta labarin kwandon kifi. Ba ta ce komai ba sai "Allah ya isar miki." Washegari da aka sauke tukunya na ji wani ƙamshi da na sani. Ta aika kasuwa an sayo 'yan busassun kifi ƙanana, ta zuba a miya. Ita ko ƙaurinsa ba ta so, ran nan da gayan tuwo da man shanu ta wuni. Tun daga nan na daina kallon ƙofa.

Cikina ya tsufa. Wata la'asar muna zaune a tsakar gida da Jummai da matan maƙwabta, Gwaggo tana kaɗinta, sai ta nuna cikin da baki.

"Rahila, wannan in mace ce na kama. Tawa ce."

A wurinmu duk tsohuwar da ta ga mai ciki haka take faɗi, a yi dariya a wuce. Ga kuma jan kunnen Baba Malam yana nan a kaina. Na washe baki na ce, "Na ba ki, Gwaggo, halak malak."

Jummai ta rangaɗa guɗa. Gwaggo ta ajiye mazari, ta shiga ɗaki ta fito da goro ta rarraba wa kowa. Na karɓi nawa na ci, ina jin daɗin na iya zama da mutane.

Ran Lahadi na haihu a asibiti, mace. A coci muka sa mata Hannatu, Gwaggo kuwa tun da ta karɓe ta a tsumma ta ce Ladi, sunan kuma ya bi ta. Abin da tsohuwar nan ta yi mini a jego, ko uwar da ta haife ni iyakarta ke nan. Tun da asuba ta hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta yi ta fyaɗa mini, ina ihu ina kiran Yesu, ita tana cewa, "Kira shi da kyau, ai Annabi ne, amma sai kin gasu." Ga kunun kanwa, ga romon ƙauri da yaji. Wata nas ta ja mini kunne a kan kanwa, ta ce tana kumbura masu jego. Da na gaya wa Gwaggo ta ce ita nas ɗin haihuwarta nawa. Amma washegari na ji kunun ya yi salam, ba ta kuwa ƙara zuba kanwar ba.

Da na yi arba'in Filibus ya zo ɗaukata, Gwaggo ta aika masa daga ciki cewa mai shayarwa ba ta komawa ɗakin miji sai ta yaye, in ba so yake nono ya lalace ba. Ya kai ƙara wurin Baba Malam, tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce masa wannan ma yana cikin karatu. Haka 'yan watannina suka zama kusan shekara biyu.

A zaman nan Gwaggo ta hana ni yi wa yarinyar wasa a gaban mutane. "'Yar fari ce, ki ji kunya mana. Ba ta nono ki miƙo ta." Sai ya zama ni nono kawai nake bayarwa. Goyo na Gwaggo, wanka na Gwaggo, a bayanta ta yi haƙori, a hannunta ta fara tafiya. Duk unguwa Ladin Gwaggo ake cewa. Ni kuwa ina ganin Allah ne ya ba ni mai taimako, har ina samun sararin shiga gidaje, ina zaman makoki da na suna, ina koyon yadda ake gaisuwa mai tsawo ba a gaji ba. Ban taɓa buɗe Littafi a gidan kowa ba, amma sun san ko ni wace ce, in ciwo ya kama yaro har cewa suke in sa shi a addu'ata.

Lokacin yaye ya yi, Gwaggo ta ce in koma makaranta wurin mijina, don in yarinya tana ganina ba za ta haƙura ba. Na tafi. Bayan kwanaki na dawo ɗaukarta, ta ce in bari ta ƙara ƙwari. Na sake dawowa, ta ce mura take yi. Ana cikin haka aka sa mana ranar tafiya Nijar, na zo da murnata na tarar Gwaggo ta tafi barka da Ladi a baya, sai na gaya wa Jummai, na ce ta taya ni haɗa kayan yarinya.

Jummai ta dube ni kamar ba ta gane Hausata ba. Ta kama hannuna ta ja ni ɗakin Gwaggo, ta ɗaga zanen gado. A ƙarƙashi ga sababbin kwanuka da tasoshi a jere, wasu ko takardar jikinsu ba a cire ba.

"Kin ga wannan? Kayan ɗakin Ladi ne. Tun ranar suna take tarawa da kuɗin zarenta. Wane kaya kuma za a haɗa?"

"Jummai, ai da ita za mu tafi."

"Da wa? Ke ba kin ba ta ba? Muna zaune, muka ci goro. Rahila, magana fa zarar bunu ce."

Na zauna a bakin gadon. Sai a lokacin na gane cewa shekara biyun nan duk gidan sun san 'yar wa ce, ni kaɗai ce ban sani ba.

Da Filibus ya ji, ya tashi kamar zai tsaga rufin ɗaki. Ya ce 'yarsa da aka yi wa baftisma ba za ta tashi a gidan da ba a kiran sunan Almasihu ba. Ya ce abin mai sauƙi ne, ran Lahadi in karɓo ta da sunan zuwa sujada, daga nan sai tasha. Gaskiya ni ma zuciyata ta kwanta da shawarar. Amma muka ce bari mu sanar da Baba Malam.

Muka same shi a gindin mangwaro. Ya saurare mu har muka gama.

"In haka za ku yi, kada ku wahalar da kanku zuwa Nijar, ku koma Numan," ya ce. "Ni kuma in rufe makaranta, don ba sauran gidan da zai buɗe wa ɗalibata ƙofa a birnin nan." Ya cire tabarau ya goge ido. "Asabe tana 'yar yarinya na fita daga gidanmu na bi mishan. Ni nake goyonta. An ce ta yi wata tana zama a zaure tana jirana. Ban yi da-na-sanin hanyar da na bi ba, amma na san abin da na bari a baya. Yanzu kuma a ce mutanena sun sake shiga sun fita mata da wani a ɓoye?"

Na ce, "To Baba, in bar mata 'yata ke nan?"

"Ban ce ki bar 'yarki ba, 'yata. Ban kuwa san abin da za ta ce ba, kada ki ɗauka na sani. Na dai ce ta ƙofa kika shiga, ki fita ta ƙofa. Abin da aka bayar ba a ƙwacewa, sai dai a roƙa. Ke kika bayar, ke za ki je."

Na sami Gwaggo bayan la'asar a kan tabarma, Ladi a tsakanin ƙafafunta, tana yi mata kitso da 'yan gashin da ba su kai a kama ba. Na durƙusa nesa kaɗan yadda ta koya mini, na gaishe ta, na tambayi gida da jiki da sana'a, har gaisuwa ta ƙare ba sauran inda zan ɓuya.

"Gwaggo, an sa mana ranar tafiya."

"Na ji. Allah ya kai ku lafiya. In kun sami mai zuwa ku aiko wa yarinyar nan da dabino."

"Gwaggo, ranar da na ce na ba ki, ban san nauyin maganar ba. A wurinmu wasa ce. Amma ban zo in ce ban faɗa ba. Na faɗa, taki ce."

Hannunta ya tsaya a kan yarinyar. "Ƙwace kika zo yi?"

"Roƙo na zo yi. In kin hana, ba zan ɗauke ta a ɓoye ba, na yi miki alkawari. Sai dai ni ma ba inda za ni. Maigidana ya tafi Nijar shi kaɗai, ki riƙe mu mu biyu."

Wannan ban shawarci kowa a kanta ba, a wurin ta fito, kuma har zuciyata nake nufi.

Ta ci gaba da kitson. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In ta bi ki, salla fa?"

"A coci za ta tashi, Gwaggo. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Da kin ce mini za ki koya mata salla, da yanzu na kore ki." Ta ja numfashi. "Duk wanda na goya ƙasa ta karɓe. Wannan ce kaɗai ta yi haƙori a bayana ta rayu. An ce baƙo raɓa ne, ni ce na manta. Tashi ki je."

Na tafi ban san matsayina ba. Kwanakin nan ko abinci ban iya ci ba, Filibus kuma ya daina yi mini magana sai ta dole. Ranar tafiya tana matsowa sai ga aike, Gwaggo tana kira.

Na tarar ta tara Jummai da matan nan da suka ci goro. Ta sa sabon zane, ta zaunar da Ladi a cinya.

"Ku da kuka shaida ranar da aka ba ni, ku shaida yau ma. Ladi 'yata ce. Ban mayar ba, ba kuwa zan mayar ba. Amma na tsufa, ƙafa ta fara ƙi. Don haka na ba Rahila riƙonta." Ta juyo ta nuna ni da yatsa. "Ke kuma ki sani 'yar mutane ce a hannunki. Ban yarda da duka ba. Ban yarda ta kwana da yunwa ba don kuna yawon wa'azi. In miji ya fito, a zo nan a tambaye ni."

Na faɗi a gabanta ina godiya ina kuka, na miƙa hannu zan ɗauki yarinyar, ta buge hannun.

"Ba yau ba. Na raba ta da nononki, saura in raba ta da bayana. In ba haka ba ciwo za ta yi muku a hanya. Kwaso tabarmarki ki dawo nan."

Na ga abubuwa da yawa a shekarun da muka yi a Nijar, har da yunwa da mutuwa, amma ban ga abin da ya fi kwanakin nan ciwo ba. Gwaggo ta daina goyon Ladi. In yarinyar ta zo da kwanonta, sai ta kau da kai ta ce, "Je ki wurin waccan." In ta kama mata zane, ta ɓamɓare 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta shige ɗaki ta saki asabari. Ladi ta tsaya a bakin ƙofa ta yi ta kira har muryarta ta dishe, ni in zo in ɗauke ta tana harbina da ƙafa. Na roƙi Gwaggo ta sassauta, ta ce in bar ta ta yi aikinta. Jummai ta raɗa mini cewa kwanon tuwon Gwaggo yadda aka kai shi haka ake fito da shi.

A hankali kiran ya ragu. Yarinya ta fara kawo mini kwanonta da kanta. Ta fara barci a bayana.

Ranar tafiya da safe Filibus ya yi sallama a zaure. Na goya Ladi, matan gida suka fito rakiya, kowa da ɗan abin da ta ƙulla mana. Gwaggo ba ta fito ba, asabarinta a sake. Jummai ta ce kanta ne ke ciwo. Dole ta bakin ƙofarta za mu wuce, na rage tafiya, ina jira in ji yarinyar ta zabura. Ta ɗago kai ta dubi asabarin, ta mayar da kumatunta ta kwantar a bayana, tana wasa da bakin ɗankwalina.

Na durƙusa a wurin na ce, "Gwaggo, za mu tafi. A yafe mana."

Can na ji muryarta daga ciki, ƙasa ƙasa.

"Rahila, ta neme ni?"

"Ba ta nema ba, Gwaggo."



"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Ku tafi, rana tana yi."

Ladi ta yi barcinta a mota. Ni ce na yi kukan, tun daga zauren nan har muka wuce Funtuwa.